Turare a Bututun Iska

Takardar tana manne a ƙofar asansar, wato lif ɗin benen, an rubuta ta da jan biro. Hamdiya ta karanta sau biyu, ledar cefane tana yankar mata yatsu. Masu kula da benen sun ce mazauna sun kai ƙarar warin wiwi, an sanar da 'yan sanda, kuma ranar Alhamis za a bi gida-gida a duba bututun iska. Yau Talata. Ta haye hawa shida da ƙafa ba ta sani ba.

Gindi huɗu ne kacal na wiwin ta shuka, a cikin kabad ɗin ɗakin ajiya. Mijinta Abdulmumin amosanin jini gare shi. In ciwon ya taso sai ya ce kamar ana daka masa ƙasusuwa a turmi. Zuwansu asibiti na ƙarshe, awa bakwai ya yi a kan benci yana murƙususu, wata ma'aikaciya tana gaya wa 'yar'uwarta, a gabansa, wai irinsu allurar maye kawai suke zuwa nema. Malamin lissafi guda, mai sallah a sahun farko, shi aka mayar ɗan ƙwaya. Tun ranar ya rantse ba zai koma ba sai dai a kai shi a sume. Ganyen nan ne kaɗai, in ta dafa masa a madara, yake ba shi barci.

Ƙanensa Uzairu, da ke La Courneuve a gefen Paris, shi ya koya mata komai ta waya, da ƙarfin halin wanda ba a ɗakinsa za a shuka ba.

"Tsiron nan iska yake so, Anti. Matatar gawayi tsada gare ta, ki bar ta. Ki sayi 'yar fankar banɗaki, ki haɗa tiyo da ramin iskan kicin. Can saman rufi yake fita, tantabaru kaɗai za su shaƙa."

Ta yi yadda ya ce, ta ƙara da tata dabarar: safe da yamma tana kunna turaren wuta a bakin kabad.

* * *

Bayan la'asar aka buga ƙofa. Ta buɗe. Hajiya Raliatou ce ta hawa na takwas, dattijuwa 'yar Tahoua, wadda ɗanta Walid ya fito daga gidan kaso wata uku da suka wuce, da ƙarfen sa-ido a ƙafa. Suka gaisa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi mutanen Damagaram. Hajiya ta ƙi zama.

"Ɗiyata, kin ga takardar?"

"Na gani, Hajiya."

"Duk unguwar nan ta Minguettes an gama shari'a. Walid ne. Jiya a asansar wata ta toshe hanci da ta gan ni." Ta gyara lulluɓinta. "Ni ko na san ba shi ba ne. Warin ta ramin kicin ɗina yake fitowa, kuma ba shi zuwa shi ɗai. Da turare yake tahowa, haɗin sandal da farce. Irin wanda kika ba ni da sallah."

Ashe bututun guda ne tun daga ƙasa har sama, fankarta tana ta rarraba asirinta kicin-kicin, da sunanta a jiki. Ta tuna takardar izinin zamansu a ƙasar da za a sabunta a Disamba. Tsoro ya kama ta.

"Hajiya, wallahi ba sayarwa muke ba. Malam ne..."

"Na sani. Ramin da ke kawo warin shi ke kawo mini nishinshi. Ban gaya ma kowa ba, kuma ba ni son in gaya." Idon tsohuwar ya cika da ƙwalla. "Amma ranar Alhamis ƙofata za su fara bugawa. Ko tsinke suka ƙaga mishi, komawa zai yi. Ɗa guda gare ni, ɗiyata."

* * *

Ta cire tiyon, ta datse gindi huɗun da almakashin kicin. Ta haɗa har da busasshen da ke cikin kwalba, don ko ganye ɗaya tana tsoron a tarar. Ta ƙulle a leda uku, ta kai bolar wani bene can nesa, tana waige kamar ɓarauniya.

Da ta dawo ta ji muryar Abdulmumin daga ɗaki, ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in ciwon ya fara kama ƙugu.

"Hamdiya, kin dafa mini maganin?"

Ta nufi kicin.

"Yanzu, Malam."

Ta ɗora madara a wuta, ta murtsuke na'ana'a a ciki a madadin ganyen har ta yi kore-kore. Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye tas, ya yi hamdala. Sannan ya gyara filo, ya lumshe ido yana jira.