Injin Raga na Alhaji Modibbo

Shekara ashirin da shida Wakili ya yi yana walda a Yelwa-Yauri, daga ƙyaure da taga har ragar rodi ta masu zuba kankaren bene, kafin Alhaji Modibbo ya sauke injinsa. Shi Alhaji dillalin siminti ne. Ya je wani bajekoli a ƙasar Sin, ya ga inji yana haɗiyar waya ta baya yana amayar da ragar ƙarfe ta gaba, ya dawo gida ba shi da zance sai wannan. Tirela biyu ta kawo abin, sai da aka rushe katangar sito sannan ya shiga.

Alhaji ya aika aka kira Wakili. "Kai za ka riƙa mini shi. Ai ka san ƙarfe."

Wakili ya san ƙarfe, gaskiya ne. Abin da bai sani ba shi ne allon da ke jikin injin, mai rubutu kamar sawun kaji. Wani injiniya mai suna Andrew ya zo daga Kaduna, ya kwana tara yana haɗawa, ya nuna masa inda ake zura waya da inda haƙoran tagulla ke danne ta su ƙona. Ranar da zai tafi ya kama hannun Wakili ya ce, "Baba, koren maɓalli tashi, ja tsayawa. Sauran kada ka taɓa. Ko Alhaji ya ce ka taɓa, ka ce hannunka na ciwo."

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka yanka sa. Liman ya yi addu'a mai tsawo har janareto ya fara tari. Wakili ya danna kore. Injin ya ɗauka, ƙwas, ƙwas, ƙwas, tartsatsi na tashi a jere, raga na fitowa sumul. Sai wani baƙo mai babbar hula, wanda tun zuwansa yake kallon tukunyar nama, ya ce, "Alhaji, iyakar gudunsa ke nan?"

Fuskar Alhaji ta canza. "Wakili, ƙara mashi wuta."

"Alhaji, Andrew ya ce..."

"Andrew ya saye shi ko ni?"

Wakili ya manta da batun ciwon hannu. Ya duba allon, ya ga wata kibiya, ya yi bisimilla ya danna ta sau biyar. Injin ya haukace da ƙara, tartsatsi ya ninka, jama'a suka yi kabbara, mai babbar hula ya tafa. Aka juya kan shinkafa, aka bar shi yana ta aiki har la'asar. Ba wanda ya leƙa abin da ke fitowa.

Washegari Usman ɗan kwangila, mai aikin kwalbatoci a hanyar Shanga, ya zo ɗaukar kayansa. Ya tsaya gaban tulin ragar, ya zura yatsa, yatsan ya maƙale.

"Alhaji, wagga raga ce ko matsefi? Tsakuwar kankare ta ina za ta bi?"

Ashe kibiyar ba ta gudu ba ce. Tazarar waya ta rage, daga inci shida zuwa ɗaya. Usman ya ja motarsa babu komai a ciki. Alhaji ya juya kan Wakili, ya zage shi tas, ya ce tun farko ya san mai waldar bakin titi ba zai iya da kayan zamani ba. Aka kira Andrew, ya ce yana Fatakwal, sai bayan wata biyu, kuma don Allah kada kowa ya ƙara taɓa komai.

Wakili ya yi kwana huɗu yana zama bisa tulin ragar, ko abinci ba ya yi masa daɗi. A nan yayarsa Zulai'atu ta same shi ranar kasuwa. Mai bandar kifi ce a Warra, ta sauko daga jirgin ruwa da kwanduna, warin hayaƙi na gaba tana biye.

"Auta, mi ya same ka? Ka yi zuru kamar an mutu."

Ya ba ta labari. Ba ta ko saurare shi ba, tana ta shafa ragar. Ta ciro ƙaramar tarwaɗa daga kwando ta ɗora, ta girgiza. Kifin bai faɗa ba.

"Yanko min kamu huɗu."

"Yaya, kayan gini ne."

"Ginin wa? Mai ginin ai ya gudu. Ni tawa ragar duk wata uku sai ta ƙone, kifi na zubewa cikin wuta. Yanko."

Kasuwa ta gaba mata tara suka biyo ta. Ta bayanta kuwa jirgi guda suka cika, har da na tsibirai masu magana da harshen da Alhaji ba ya ji. Suka mamaye sito, suka shimfiɗa zannuwa, wata ta ɗaure akuyarta a ƙafar injin. Alhaji, wanda ya buga katin kasuwanci mai hoton gada da bene, ya tsinci kansa a tsakiyarsu, ana jan hannun rigarsa ana ce masa mai ragar banda. Da ya koma gida, matarsa Hajiya ta sa ya tuɓe a zaure saboda ƙarnin kifi.

Kafin Andrew ya iso tulin ya ƙare, Wakili ya sake danna kore sau da yawa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Andrew ya duba allon ya riƙe kai.

"Wa ya yi wannan ɓarnar? Bari in mayar da shi."

Zulai'atu na zaune a bakin ƙofa tana jiran nata. "Ɗana, in ka mayar da shi, kai za ka zo Warra ka riƙe min kifi da hannu."

Andrew ya dubi Alhaji. Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce dama shi tun asali ya hango masu kifi, bai dai faɗa wa kowa ba ne. A raba mako, kwana uku na gini, kwana uku na banda.

"Ko ba haka aka yi ba, Wakili?"

"Haka aka yi, Alhaji," in ji Wakili.

Andrew ya koya masa lambobin tazarar guda biyu, ya rubuta su da fenti a bango. Usman ya dawo ranar wata Talata, aka ce masa yau ta mata ce. Ya yi faɗa, ya ambaci sunayen manya, bai ga wanda ya ɗaga kai ba. Daga baya ya nemi benci ya zauna, Zulai'atu ta miƙa masa kan tarwaɗa da yaji, ya karɓa.