Gurasar Baba Nomau

Duk shekara idan sanyi ya shigo Agadas, Rabi takan aika a sayo mata alkamar Dabaga, ta gasa gurasar sadakar Nomau. Nomau yayan mijinta ne, Bahago baduku. Ya yi wa Faransa yaƙi a ƙetaren teku, ya dawo da tari, da lambar girma, da rabin haƙoransa. Yana da rai shi yake gasa ta da hannunsa, ya raba saboda abokansa da aka binne a can. Ya ce irinta aka ciyar da su, Faransawa na ce mata biskwi. Da ya rasu Rabi ta ɗauki aikin. Ta fara sa man shanu kaɗan don yara su iya ci. Daga baya ta ƙara dabino. Yanzu tun hantsi yaran unguwa ke cika ƙofar gida.

Bana Bahago ya hana ta.

"Ni zan gasa."

"Kai, Maigida? Ko ruwa ka taɓa tafasawa?"

"Na ga yadda Yaya ke yi."

Rabi ta san dalili. Ɗansu Illiya ya kai sunansa bariki. Ƙasa ta samu mulkin kai, ana ɗaukar samari soja, an ce na Agadas Dirku za a tura su, can cikin hamada. Mota jibi za ta tashi. Yaron ya ce ba zai hau ba sai ubansa ya yarda, shi kuwa Bahago ya yi faɗa, ya yi lallashi, har maganar ta ƙare masa. Yaro ne da ya tashi yana goge lambar Nomau da toka, yana cin gurasa mai daɗi ana ce masa abincin soja ne.

Bahago ya kwaɓa gari da ruwa da ɗan gishirin Tigidda, ba ƙari. Ya manna a tanderu, ya cire, ya bari ta huce, ya sake mayarwa har ta bushe ƙayau. Wuta ta lashe masa gashin hannu. Da ya miƙe sai da ya dafa bango, bayansa ya riƙe.

Yara suka karɓa da murna, suka kai baki, suka kasa gutsura.

"Inna Rabi, bana dutse kuka gasa?" in ji wata yarinya.

Wani ya jefa wa akuya tasa. Ta shinshina ta wuce.

Bayan la'asar Illiya ya shigo, ya durƙusa ya gaishe da ubansa. Bahago ya tura masa faifai.

"Ci."

Illiya ya ciza. Har Rabi da ke bakin murhu ta ji ƙarar.

"Abin da Baba Nomau ya ci ke nan," in ji Bahago. "Ba dabino, ba mai. Ka tuna bakinsa? Ba harsashi ya zubar masa da haƙora ba, wannan ce, da sanyi. Ka tuna ba ya iya kwana cikin ɗaki? Ni na tarye shi ranar da ya sauka. Ya wuce ni na wuce shi, ban gane ɗan'uwana ba."

Illiya ya duba gurasar da ke hannunsa. Ya jawo kofin shayin ubansa, ya tsoma gurasar, ya jira, kamar yadda Baba Nomau ke yi. Ya ci a hankali har ya cinye. Ya ɗauki wata, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Baba, wannan ai ba za ta lalace a hanya ba. Ta Inna kwana biyu ta yi fumfuna. Wannan har Dirku." Ya ɗago kai, fuskarsa ta washe. "Ashe guzuri ka yi mini. Da hannunka. Wallahi na ɗauka ba za ka taɓa yarda ba."

Rabi ta juya baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Bahago ya buɗe baki zai ce a'a. Sai ya ga yaron na dariya, haƙoransa duk cif, farare. Ya duba faifai cike da gurasar da ba wanda zai ci a garin nan. Ya ji nauyin kafaɗunsa, da zafin ƙunar hannu, ya ga ko ya faɗa yau, wata motar za ta zo bayan wannan.

Ya tashi da ƙyar, ya shiga zauren da yake aiki. Ya fito da burgami, jakar fata mai kyau da ya ɗinka wa wani Buzu, wanda mai shi bai zo karɓa ba tukuna. Ya zauna yana jera gurasar ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Rabi, dabinon nan da na hana ki, kawo. Zuba a sama."

Ta kawo, ta zuba, ba ta dube shi ba.

Ya ɗaure bakin burgamin, ya ja igiyar da ƙarfi, ya ajiye a gaban ɗansa.

"Ka riƙa jiƙa ta," ya ce. "Kana ji na? Ko da ruwan sanyi ne. Kada ka ciza ta a bushe."