Turmin Tagulla na Ramlatu

Duk mai sayen yaji a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san ƙarar turmin Ramlatu. Turmin ba na ice ba ne, kwanson harsashin igwa ne na tagulla, mai nauyin tsiya. Mahaifinta, Isa, ya taso daga Katsina a ƙafa zai zo hajji, guzuri ya ƙare masa a gaɓar tekun Sudan, ya shiga wani jirgin ruwan yaƙi yana wanke tukwane. Da ya sauka, kwanson nan ya rungumo har Makka. Mutane suka yi ta dariya, wai Isa ya je yaƙi ya dawo da turmi.

Ramlatu a nan aka haife ta, a nan ta yi furfura, amma ba ta da iƙama, takardar izinin zama. In aka kama ta, ƙasar da ba ta taɓa gani ba za a kai ta.

Ran nan 'yarta Manal ta nuna mata jirgin a waya. Ashe yana nan, an ɗaure shi a wata tashar Turai, mutane na shiga kallo. A bangonsa akwai hoton ma'aikata, ga wani baƙin saurayi a gefe riƙe da ludayi, kowa da sunansa ban da shi. Ramlatu ta gane kunnuwan nan, ta fashe da kuka.

"Ya ummi, na yi wa masu kula da jirgin magana," in ji Manal. "Sun ce a turo hoton lambar da ke gindin turmin. In ta jirgin ce, za su sa sunansa."

"A haka, duk dauɗar barkono? Ki bari in goge shi da lemun tsami tukuna. Ba za a kunyata Baba a gaban Turawa ba."

"Wallahi lambar kawai suke so!"

"Na ce gobe."

Washegari da hantsi ta shimfiɗa kayanta a bakin titi, ta yanka lemun. Ko gogawa ba ta fara ba wata ta ƙwala ihu: "Hamla! Ga motar kame!"

Dokar masu talla ɗaya ce: ki zubar da kaya, ki ceci kanki. Mata suka watse, gyaɗa na gangarawa a kwalta. Ramlatu ta sunkuci turmin, taku kaɗan gwiwarta ta ƙi. Ta sake ɗagawa, ya suɓuce. Motar ta tsaya, ƙofofi suka buɗe.

"Khala, sake shi!" wata ta fizgi mayafinta. "So kike a kwashe ki?"

Ta sake shi.

Daga cikin lungu, bayanta manne da bango, tana haki, ta ji ana watsa tire da buhuna a bayan mota. Sai ƙarar da ta sani tun tana goye ta tashi, sau ɗaya, ta daɗe tana amsawa. Motar ta ja.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Manal ce.

"Ummi, kin goge? In zo in ɗauki hoton?"

Ramlatu ta buɗe hannunta. Rabin lemun yana nan, ta matse shi har ruwan ya ƙare.