Ranar da Hedimasta Ya Ci Jarrabawa

Lucia tana ciro takalmin mijinta daga cikin firij sai Maman Amara ta turo ƙofa ba sallama, da kwandon kasuwa a hannu, tana haki.

"Maman Felix, ajiye takalmin nan ki saurare ni. Likitocin jami'a suna bincike a wani asibiti a Samaru, tsofaffi masu mantuwa suke nema. Su saka mutum a cikin inji, su ɗauki hoton abin da ke cikin kansa, ba ko sisi. Jiya na kai uwar mijina."

Shekara ashirin suna maƙwabtaka a Dogarawa. Maman Amara busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma labari ba ya kwana a bakinta.

"Sun ɗauki hoton?" Lucia ta tambaya.

"Ina fa. Sai an yi jarrabawa tukuna, har da maki. Tsohuwar nan ta ba ni kunya. An tambaye ta wace shekara muke ciki, ta ce shekarar da aka yi fara. Suka ce mu koma gida, za su buga waya. Ke ma kin san ma'anar za mu buga waya."

Lucia ta leƙa tsakar gida. Mijinta, Malam Elias, yana tsaye da sanda a bayansa, yana jiran kajinta su shiga layi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa, goma sha tara daga ciki yana hedimasta. Tun safiyar da ya faɗi a ƙofar bayi, bakinsa ya karkace kwana biyu ya dawo daidai, abubuwa suka fara zamewa daga kansa ɗaya bayan ɗaya. Matan zumunta na coci sun zo sun yi addu'a. Dangi daga ƙauye sun ce jifa ne, har sun faɗi sunan wanda ya yi. Wani likita ya ce sai an ga hoton ƙwaƙwalwa kafin a san gaskiya, da ya faɗi farashin sai Lucia ta yi godiya ta gyara ɗankwali ta fito. Ita dai so take ta san abin da ke cinye mata miji, ko da ba shi da magani.

A aji uku ta bar makaranta, amma ta zauna da hedimasta shekara arba'in da ɗaya, ta san yadda jarrabawa take. Wanda ya ci shi ke shiga, wanda ya faɗi ya koma gida. Ta jawo wa Maman Amara kujera.

"Zauna ki faɗa min tambayoyin, kada ki bar ko ɗaya."

Ana tambayar rana da wata da shekara, da inda ake. Ana sa mutum ya zana agogo, ya yi lissafi daga ɗari yana cire bakwai bakwai. Sai kalmomi biyar da za a faɗa masa, a ɗauke hankalinsa da wata hira, sannan a ce ya maimaita: lemo, cokali, tsintsiya, ja, rago.

Kwana huɗu Lucia tana yi masa bita. Ba abin da ya zauna. In ta ce, "Malam, yau wace rana?" sai ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Yarinya, ni ke tambaya a ajin nan." A rana ta huɗu ya ba ta biyu bisa goma, ya ce ta turo iyayenta. Daga nan ta daina bita, ta ɗauko babbar jakar da take zuwa coci da ita ta fara shiri.

Ranar Talata ya sa kwat da lakataye, ita ta ɗaura jan ɗankwali. Suka hau keke zuwa Kwangila, suka shiga motar Samaru. Kafin su kai Hanwa ya sa wata ɗalibar jami'a ta tofar da cingam ta taga, ta ce "sori sa" har sau biyu. Direba ma ya rage rediyo da kansa. Lucia ta riƙe hannun mijinta kamar mai lallashi, tana rubuta kwanan wata a tafinsa da biro.

Likitar mace ce, Dakta Adunni, Bayarabiya haifaffiyar Muchia, Hausa a bakinta kamar ta Bazazzagiya. Ta ce dangi su jira a waje.

"'Yata, in ba ya ganina rikicewa yake yi," in ji Lucia. "Ni a bayanki zan zauna, ba za ki ji ko numfashina ba."

Likitar ta yarda. Ta zauna fuska da fuska da Malam, idonta a kan takarda.

Da aka tambayi kwanan wata, Lucia ta ɗaga tafin hannunta ta nuna. Malam ya dubi nasa, ya karanto tiryan-tiryan, har da shekara. Da aka tambayi inda suke, ta nuna masa kalandar da ke bango mai sunan asibitin, ya karanta har da lambar waya. Agogo da lissafi kuwa ba ta sa hannu ba. Ya zana da'ira kamar da kwano aka dafa, ya sauko daga ɗari har zuwa biyu, likita tana cewa ya isa, shi yana cewa ba a barin aiki rabi.

Sai aka zo kan kalmomin.

"Baba, ɗazu na faɗa maka abubuwa biyar. Ko za ka tuna min su?"

Malam ya bi likitar da kallo kamar yau ya fara ganinta. Lucia ta zura hannu a jaka a hankali ta ɗago lemo.

"Lemo," in ji shi.

Ta ɗago cokali. Ta ɗago 'yar tsintsiyar da take share murhu da ita. Ta ja bakin ɗankwalinta.

"Ɗankwali."

Ta girgiza kai, ta nuna jan bokitin shara, ta sake nuna ɗankwalin.

"Ja," ya ce, da muryar wanda aka ɓata wa lokaci.

Saura rago, shi kuwa ba ya shiga jaka. Lucia ta ɗora yatsu biyu a kanta ta lanƙwasa su.

Malam ya ƙura mata ido. "Shaiɗan."

"Baba?" in ji likita.

Lucia ta sunkuyar da kai, ta yi kamar za ta tunkuyi bayan kujerar likita, ta saki wani siririn kuka ta hanci. Dakta Adunni ta waiwaya, ta tarar da dattijuwa tana gyara ɗaurin ɗankwali tana tari.

"Rago," in ji Malam. "Amma ramamme."

Likitar ta haɗa maki, ta sake haɗawa, sannan ta juyo da fara'a.

"Mama, barka. Baba ya samu ashirin da tara bisa talatin. Ni kaina ban tabbata zan samu haka ba."

Lucia ta ji kamar ta yi guɗa. "To yaushe za a saka shi a injin?"

"Ai ba sai an saka shi ba. Binciken namu na waɗanda makinsu ya yi ƙasa ne, su muke ɗauka hoto. Kamar wata tsohuwa daga Dogarawa da aka kawo makon jiya, ita gobe za mu kira ta. Baba kam ku je gida, ya ci gaba da shan maganin hawan jini."

Ta rufe fayil ɗin. Malam ya miƙe ya gyara lakataye, ya ba likita hannu, ya ce ta ci gaba da ƙoƙari. Lucia ba ta tashi ba. A waje mutane sun cika benci suna jiran layi, in suka fita daga ɗakin nan shi ke nan. Ga kuma mutumin da ya taɓa korar ɗan ƙanensa daga ɗakin jarrabawa saboda leƙe, yana tsaye yana jiranta.

Ta ɗora jakar a kan tebur ta zazzage. Lemo ya gangara ya faɗi ƙasa. Cokali, tsintsiya. Ta kamo hannun Malam ta buɗe tafin a gaban likita.

Dakta Adunni ta dubi kayan, ta dubi jan ɗankwalin. "Ragon fa?"

Lucia ta ɗora yatsu a ka.

Likitar ta kifa fuska a kan fayil, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago sai da ta share ido da bakin farar rigarta.

"Mama, shekara shida ina wannan aikin. Na ga masu raɗa, na ga masu ƙifta ido. Ban taɓa ganin wadda ta zo da tsintsiya ba."

"Na ɗauka wanda ya ci ake ɗauka, 'yata. Haka ake yi ko'ina. Mutumin nan da safiyar yau takalminsa a tukunyar miya na same shi. Wata bakwai ke nan bai kira sunana ba. Ki taimake ni."

Likitar ta daina dariya. Ta ce akwai wata takardar mai tambayoyi daban, za ta sake gwada shi, amma da sharaɗi. Aka wanke hannun Malam da sabulu, aka kife kalanda, aka juya kujerar Lucia ta fuskanci bango.

Daga nan ta ji komai. Ta ji ya ce shekarar 1986 ake ciki. Ta ji ya ce suna ofishin sakataren ilimi, ya zo maganar allunan da aka yi alkawari. Da aka zo kan kalmomi biyar ɗin, sai ta ji ya ce, a hankali, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Ban shirya ba. Ba a gaya min akwai gwaji yau ba."

Abin da ta zo nema ke nan, kuma ta samu. Ta cusa bakin zane a baki don kada a ji ta.

"Wa ya sa yarinyar can duban bango?" Muryar hedimasta ta dawo.

"Ni ce, Baba," in ji likita. "An kama ta da satar amsa."

"Ta karɓa ko ta bayar?"

"Bayarwa ta yi."

"Wa ta ba?"

Dakta Adunni ta dubi bayan Lucia. "Wani ne da ta damu da shi."

"To ai shi ne daƙiƙin. Ku nemo min shi, bulala shida. Ita a bar ta ta koma wurin zamanta, ga shi tana kuka." Ya zaro hankici daga aljihun kwat ya miƙa mata. "Ungo, yarinya. Gobe ki bar shi ya faɗi, shi ne zai koya."

Ya samu goma sha ɗaya. Mako na gaba aka saka shi a injin, bayan an sha fama kafin ya yarda ya cire lakataye. Likita ta nuna wa Lucia hoton a kwamfuta, wasu fararen ɗigo-ɗigo warwatse kamar an watsa gero. Ta ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka riƙa toshewa, ɗaya yau, ɗaya bayan wata biyu, kowanne ya tafi da abin da ya tafi da shi. Ba jifa ba ne, ba hannun kowa. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in an riƙe hawan jinin da kyau za a rage saurin sauran.

"Kuma Mama, ki daina yi masa tambaya, tsoro take ba shi. Da safe ki gaya masa kawai. Ga ranar da ake ciki, ga inda yake, ga ko ke wace ce."

Haka ta yi, shekara ɗaya da wata biyar. Wata rana ya ce "na gode, Madam," wata rana ya ce ta gyara tsayuwarta. Ya rasu da damina, ranar wata Alhamis, bayan ya sha koko.

Ɗanta Felix ya so ta koma wurinsa a Kaduna, ta ce tukuna. Har yanzu in gari ya waye, kafin ta buɗe wa kaji, takan tsaya a bakin gadon ta ɓangaren da yake kwanciya.

"Ina kwana, Malam. Yau Laraba. Kana gidanka a Dogarawa. Ni ce Lucia, matarka."

Wani lokacin sai ta fita tsakar gida take tuna ashe Alhamis ce. Sai ta koma ta gyara.