Uwar Tagwaye

Tela na hawa matakalar bene, tef ɗin awon ɗinkinta rataye a wuya, sai ta ga takalma jere a ƙofar maƙwabtanta. Ɗan gidan, ma'aikacin banki, ya fito ido jajur.

"Anti, Baba ya rasu. A kan kujerarsa na same shi, ko shayinsa bai kurɓa ba."

"Wane Baban? Jiya jiya fa muka gaisa."

Ba ta san lokacin da ta zauna a kan matakala ba.

Bara ne ɗan ya ɗauko tsohon daga unguwar da ya yi rayuwarsa duka, ya kawo shi hawa na uku, wai ya huta. Ɗaki ga tayil, ga fanka, ga talabijin, ba abin da babu sai mutane. Nan kowa da ƙofarsa a kulle. Da farko Baba ya yi ta mita, daga baya ya yi shiru, sai ya ja kujera bakin ƙofa ya wuni yana kallon bango.

Wata safiya da Tela ta zo wucewa ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"Uwar Tagwaye! Ina kika shige? Ya yaran?"

Ita da ko ɗa ɗaya ba ta da shi. Ta so ta gyara masa, tausayi ya hana ta.

"Suna lafiya, Baba. Sun tafi makaranta."

Shi ke nan ta zama Uwar Tagwaye. Kullum sai ya tsare ta da tambaya, ita kuma ta ƙirƙiro masa ƙiriniyar yaran, ya yi ta dariya har da tari. A ranta ta ɗauka matar ta daɗe a ƙasa.

Da yammacin ranar rasuwar ana zaman gaisuwa wata tsohuwa ta hawo benen tana haki, wasu ƙarti biyu masu kama ɗaya riƙe da ita. Tela na ganinsu ta gane Uwar Tagwayen gaske ce, ashe tana raye.

Tsohuwar ta dubi ɗan. "Yaro, ashe nan ka kawo shi? Mota ɗaya ce fa daga wajenmu. Ba wanda ban tambaya ba. Har yau bencinsa na ƙofar shagon aski, ba mai zama a kai."

Ɗan ya sunkuyar da kai. "Mama, ban zaci abin ya dame shi haka ba."

Sai ta juyo wajen Tela. "'Yata, ke ce maƙwabciyar? Ya taɓa ambatona kuwa?"

Tela ta ce, "Kullum, Mama."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta lallaba ta zauna a kujerar da ke bakin ƙofa, ta zuba wa bangon ido.