Farin Ɗigo a Kan Ɗan Tsako

Tela ya zura hannu ƙarƙashin Tawada, baƙar kazarsa da ke kwanci, ta kai masa sara bai ko kula ba. Motsin da ya ji a tafin hannunsa ya gaya masa an ƙyanƙyashe. Ya zaro ɗan tsako na farko, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa yana murmushi, sai murmushin ya daskare masa a fuska. Jikin baƙi ne wuluk, yadda ya kamata. Amma a tsakiyar kai akwai farin ɗigo, kamar an ɗiga masa fenti.

Ya zaro na biyu, ya zaro na uku. Duk kanwar ja ce.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a ɗigo? Wanda zai faɗi haka bai san Tela ba. Tun da yaransa suka girma suka watse ya mayar da bayan gida ɗakin kaji, ya kewaye shi da ragar waya har sama, ya sa kwaɗo. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa. Burinsa ɗaya, ya fitar da kaji baƙaƙe tun daga baki har farce, waɗanda in rana ta doke su sai gashin ya riƙa walƙiyar kore. Mutumin da zai mayar da yadi kasuwa don baƙinsa ya ɗan yi ja, ai ba za a yi mamaki ba. 'Yan layi suna yi masa dariya, matarsa kuwa in za ta kira shi cin abinci sai ta ce ya sallami 'ya'yansa ya zo.

Shekaru sun koya masa halin launi. Ja munafuki ne, yana iya lafewa a jini, ya tsallake uwa, ya tsallake kaka, ya ɓullo a wuyan jika. Da haƙuri Tela ya tsince shi, duk kazar da ta nuna ja sai ya kyautar, har zuriyar ta tsarkaka a kan Tawada da zakaransa Gawayi. Wake-wake kuwa, wato gashi mai ratsin fari da baƙi, ba ya ɓuya. In yana jinin kaza sai ya fito a jikinta kowa ya gani. Ɗan tsakon da ya zo da farin ɗigo a ka wake-wake zai zama, kuma dole uwarsa ko ubansa ya kasance haka. A gidan Tela babu mai irin wannan gashi. A duk layin ma zakara ɗaya ne, na Bakanike, wanda katanga ce kawai ta raba su.

Jiya-jiyan nan kuma aka kwashe kajin Bakanike a buhuna.

Murar tsuntsaye ce ta shigo unguwar. Mota ta tsaya a bakin layi, mutane suka sauko sanye da fararen kaya har fuska, suka shiga gidan Bakanike, kukan kaji ya tashi, can ya mutu. Likitar dabbobin da ke jagorantarsu, wata mace mai gajiyayyun idanu, ta leƙo ɗakin kajin Tela ta yaba ragar.

"Baba, in dai naka ba su taɓa haɗuwa da na maƙwabta ba, za mu bar su mu sa ido. In sun haɗu ko sau ɗaya, sai dai haƙuri, duka za su tafi. Cutar tana kama mutum ma, in ya taɓa mara lafiya."

"Ko sauro sai ya nemi izini kafin ya shiga nan," in ji Tela, har da rantsuwa.

Ta ce gobe da la'asar za ta dawo ta duba sosai. Ga goben ta zo, ga shaida tana tsiwa a tafin hannunsa.

Tsoro ya kama shi, irin wanda ke sa babba ya yi aikin yara. Ya shiga ɗaki. Matarsa tana kwance ta juya wa ƙofa baya, tun asuba take cewa kanta na sara. Ya lallaɓa ya ɗauki tandun kwallinta a gaban madubi.

"Malam, me kake nema?"

"Allura. Yi barcinki."

Ya koma ya tsuguna, ya bi 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu kwalli a ka har farin ya ɓace. Bai tsaya ya tambayi kansa ko akwai wani mahaluki ban da shi da zai iya karanta wannan ɗigo ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A shago ranar ba a yi abin kirki ba. Ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinkawa a baibai. Mai sayar da zare na kusa da shi ya leƙo ya ce ya ji an hana shigo da kaji kasuwa, rumfunan masu kaji duk an yi musu feshi an rufe. Daga inda Tela yake zaune yana hango kejunan, an jera su a kife. Kasuwar da kukan zakaru ke hana mutum jin ciniki ta yi tsit ta wannan ɓangaren, shirun kuma ya fi hayaniyar damunsa.

Yana ta lissafi a zuci. Ƙwai yakan yi makonni kafin ya fashe, ke nan haɗuwar ta daɗe, tun kafin cutar. Wataƙila sau ɗaya ce. Wataƙila. Amma zakaran da ya san hanya, wa ya ce masa ya daina bi?

Kafin azahar ya rufe shago ya nufi garejin Bakanike. Ya same shi zaune a kan taya, ba ya aikin komai.

"Maƙwabci, ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole, Yaya Tela. Ka ga ni ba irin naka nake yi ba, na barkatai ne, amma da safen nan da na fito ban ji motsinsu ba sai gidan ya yi mini girma."

Tela ya ɗan yi kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Har da wake-waken nan suka tafi?"

"Ɗan banzan? Ai shi suke nema. Ba a gan shi ba. Ka san halinsa, kullum rana ta take sai ya haye katanga ya ɓace, sai yamma ya dawo yana taƙama kamar wanda ya karɓo albashi. Shekaranjiya ya fita yana jan ƙafa, zankonsa ya yi shuɗi, bai dawo ba. Likita ta ce duk gidan da ya faɗa, Allah ya kiyaye." Ya dubi Tela. "Kai dai ka huta, gidanka ko gidan yari albarka."

Tela ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. A cikin bas ɗin komawa gida wata mata ta yi tari a bayansa, duk aka juya ana kallonta, ta sunkuyar da kai.

Bai shiga ɗaki ba, ya zarce bayan ɗakin kajin, wani ɗan lungu mai inuwa tsakanin ragar da katangar Bakanike. Rabonsa da leƙa wurin har ya manta. Akwai wata 'yar ƙofar shara a ƙasa wadda ya ɗaure da waya tun ranar da aka yi ginin. Yanzu da tsumma aka ɗaure ta. Ƙasa duk tonon kaji, ga gashi mai ratsin fari da baƙi ya maƙale a raga.

Ya juyo sai ya ga matarsa tsaye, ta dafa bango.

"Wa ya kwance wayar nan?"

"Ni ce."

"Ke?"

"Malam, kai kana shago ƙarƙashin fanka. Ni nake ganinsu da tsakar rana, baki buɗe, fukafukai a ƙasa. Baƙin gashi zafi yake sha. Tun shigowar zafin nan nake buɗe wa matan su sha inuwa, kafin ka dawo in kora su. Gawayi ne kawai ba na buɗe wa, ka san ba ma shiri."

"Baiwar Allah, kin san abin da kika yi? Shekara nawa ina..." Ransa ya ɓaci, ya nuna gashin da ya maƙale a raga. "Zakaran can yana shigowa?"

"Ina korarsa in na gani."

"In kin gani!"

Ta goge goshi da bakin zane, sannan ta ce a hankali, "Yana sito."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ta ce shekaranjiya ta tarar da shi kwance a lungun, a tsakiyar kajin, ba ya iya ɗaga kai. Tausayi ya kama ta, ta rungume shi ta kai sito, ta sa shi a kwali, tana buɗe bakinsa tana ɗura masa ruwa. Da masu fararen kaya suka zo ta so ta yi magana, sai ta ji shi yana rantsuwa a ƙofar gida, ta kasa ƙaryata shi a gaban mutane.

Ya tura ƙofar siton da ƙafa. Wari ya tare shi. Ba sai ya buɗe kwalin ba, ƙudaje sun riga sun ba da labari.

Ya ja ƙofar ya rufe, ya jingina da ita. Dabara ta zo masa a take, a shirye kamar dama jira take yi. A bari duhu ya yi, a haƙa rami, a mayar da waya, a share lungu. Kajin ai ga su nan garau, suna ci suna sha. Sai dai wata 'yar budurwar kaza da ta koma gefe ta takure, amma wannan zafi ne. Zafi ne mana.

"Ki shiga ɗaki," ya ce. "In sun zo kada ki fito."

Ya share lungun, ya tsince gashin, ya ɗaure ƙofar da sabuwar waya. Kazar da ta takure ya tura ta bayan kwandon kwanci. Yana wanke hannu ya ji tsayuwar mota.

Likitar ta shigo da mutum biyu, ta rufe hanci da baki. Ta zagaya ragar, ta ja kwaɗon, ta leƙa lungun, ta duba kwanon ruwa. Gawayi ya miƙe wuya yana harararta, rana ta doki bayansa, koren nan ya yi walƙiya. Duk da halin da ake ciki sai da Tela ya ji daɗi ya ratsa shi.

"Kai, Baba, ka iya kiwo," in ji ta. "Har da sababbin baƙi?" Ta nuna 'yan tsakin da ke leƙowa daga fiffiken Tawada, kawunansu baƙi ƙirin. Ko kallo na biyu ba ta yi musu ba. "To, ban ga matsala ba. Ka ci gaba da kullewa. In ka ga wata ta yi sanyi, ka kira mu."

Shi ke nan. Ta juya, mutanenta suka bi ta. Tela ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Suna tsakar gida sai labulen ɗaki ya motsa. Matarsa ce ta fito da kofuna a faranti, domin ita a duniya ba ta iya ganin baƙo ya fita bai sha ruwa ba, ko an hana ta. Kofunan suna ta kaɗawa suna bugun juna. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, tari ya turnuƙe ta, busasshe, daga can ƙasan ƙirji, har ruwan ya zube a ƙafarta. Sai a lokacin Tela ya dube ta da kyau, karon farko tun wayewar gari. Idanunta sun yi ja, babu kwalli, leɓenta ya bushe, gumi na bin wuyanta. Ya san ɗigon da ke kan kowane ɗan tsako, amma matar da suka tsufa tare ta yini da zazzaɓi a gabansa bai gani ba. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe shi.

"Sannu, Mama. Mura ce?" in ji likitar, ƙafarta ɗaya a waje.

Matar ta saci kallon mijinta. "Zafi ne kawai, 'yata."

"Likita," in ji Tela. "Dakata."

Ya koma ɗakin kajin, ya ɗauko ɗan tsako ɗaya, ya mayar da kwaɗo, ya kawo gabanta. Ya tsoma babban yatsa a ruwan da ya zube a faranti, ya murza kan. Farin ɗigon ya fito fes.

"Wannan fa, Baba?"

"Ɗan zakaran da kuke nema ne. Nawa ba sa haifar haka. Ya daɗe yana shigowa, yanzu gawarsa tana sito. Akwai kaza ɗaya bayan kwando da ta fara." Ya nuna matarsa. "Ita kuma da hannunta ta yi jinyarsa, tun shekaranjiya."

Likitar ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta karɓi farantin daga hannun matar ta ajiye a ƙasa, ta ciro sabon abin rufe hanci ta ɗaura mata, ta ce wa ɗaya daga mutanenta ya juyo da mota, asibiti za a fara zuwa. Ɗayan ya fita, ya dawo da buhuna a kafaɗa.

"Kwaɗon fa, Baba?" in ji shi.

Tela ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa masa tare da ɗan tsakon. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wa matarsa mayafi da takalmi, ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Malam, 'ya'yanka," ta ce. "Ka je ka gan su mana, ko sau ɗaya."

A bayan gida kwaɗo ya yi ƙara, Gawayi ya ɗaga murya ya yi cara, ba lokacinta ba. Tela bai waiwaya ba. Ya kama hannunta, zafinsa kamar an ɗauko daga wuta, yatsansa ya bar mata baƙin kwalli a wuyan hannu.

"Sa takalminki," ya ce.