Gonar da Aka Kwashe a Tifa

Ƙarar diga Malam Yuguda ya fara ji tun kafin ya hango gonar. Diga a gona, a tsakiyar rani, alhali ba wanda ya ce zai haƙa rijiya? Ya ɗaga ƙafa. Yana fitowa daga burtali sai ga tifa ta juyo da bayanta ta hau kan tsoffin kunyoyin gero, ƙarti shida suna ta watsa mata ƙasa da shebur. Can gefe ƙaninsa Ja'afar ne a tsaye, yana duban ko'ina ban da fuskar wansa.

Gonar ta gado ce. Da mahaifinsu ya rasu aka raba ta biyu, Yuguda gabas, Ja'afar yamma, ba shinge a tsakani sai layin gamba. Ja'afar ya daɗe da komawa Kano yana jan Adaidaita, sai damina yake leƙowa ya yayyafa iri ya gudu. Shi kuwa Yuguda, wannan ɗan tsagin shi ne tukunyar gidansa. Shekara talatin yana yi masa hidima, bai taɓa auno hatsi a kasuwa ba.

"Ja'afaru, me nake gani haka?"

"Yaya, ina kwana."

"Ban tambaye ka kwana ba."

Ja'afar ya sosa ƙeya. "Ƙasar kawai na sayar, Yaya. Masu gini ne ke neman ta ciko. Gona tana nan, ba inda za ta."

"Ka sayar da ƙasa ka bar gona! Ashe fura ka sayar ka riƙe ƙwarya."

"To ya zan yi? Injin kekena ya buga, yara sun sa ni a gaba. Bara abin da na noma a nan ko wata biyu bai kai mu ba."

"Ba ka ba ta ba, ta yaya za ta ba ka? Da ka faɗa mini ai da na noma maka mun raba."

"An riga an gama magana, Yaya."

Mai tifar, wani saurayi mai fara'a da ake kira Abdulkabir, ya sauko ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi. Wannan ladabin ya fi komai ƙona wa Yuguda rai, don ya rasa wanda zai zaga.

* * *

Ya je wurin dagaci. Dagaci ya saurare shi tsaf, yana ta girgiza kai, sannan ya ce ai kowa da iko a kan abinsa, sai dai a yi haƙuri. Yuguda bai ja maganar ba. Tifa ba ta shiga ƙauye sai ta fara gaida dagaci, wannan ko awakin garin sun sani.

Kafin ruwan fari ya sauka, rabon Ja'afar ya zama rami, zurfinsa ya shanye tsayin mutum. An kwashe baƙar ƙasa, an kwashe ja, an tarar da marmara sannan aka haƙura. Ramin ya zo daf da gamba ya tsaya, saiwoyinta suna reto a waje.

Yuguda bai zauna ba. Ya kafa kirare a bakin ramin, ya jera buhunan yashi, ya karya kunyoyinsa suka gitta gangare don kada ruwa ya samu hanyar gudu. Matarsa Zuliha ma ba a bar ta a baya ba, duk tsohon buhun da ke gidan sai da ta ɗinke shi. Shuka kuwa ta yi kyau, masha Allahu. Gero ya tashi baƙi ƙirin, har masu wucewa suna tsayawa su yi masa barka.

Sai marka ta zo. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu da safe ya je ya tarar babu gamba, babu kirare, babu buhuna. Gaɓar ta rufta, ta tafi da kunyoyi masu yawa. Geron da ya riga ya fid da kai yana kwance a cikin jan ruwa, kwaɗi suna ta kuka a kansa. Wallahi sai da ya zauna daɓas a cikin taɓo. Bai yi kuka ranar da aka binne mahaifinsa ba, amma ranar nan ya yi.

Daga nan kuma sai abin ya zama kullum. Duk ruwan da aka yi sai ramin ya gutsuri wani abu.

* * *

Da kaka rumbu bai ko kai rabi ba. Ana cikin haka Abdulkabir ya yi sallama a ƙofar gida, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa.

"Baba, na bi ta gonarka na ga abin da ya faru. Allah ya mayar da alheri."

"Amin."

"Ni gaskiya zan faɗa maka. Ramin nan ba zai tsaya ba. Damina biyu, uku, ya gama da ita. Da ruwa ya kwashe ta kyauta, ba gara ka ci moriyarta ba?"

Yuguda ya so ya ce masa ƙarya yake, amma ya san ba ƙarya ba ce. Ya ce zai yi shawara.

Ya shiga gida ya tarar da Zuliha tana sheƙar wake. Ta riga ta ji komai ta bayan zana.

"Malam, in ka sayar, baɗi me za mu ci?"

"In ban sayar ba, baɗi ramin ne zai ci."

"Ta ɓangarenka na gabas fa? Gonar Abdussalam ce. Shi ma haka za ka yi masa?"

Ya daɗe yana kallon ƙaiƙayin da iska ke ɗauka daga faifanta. Abdussalam maƙwabcinsa ne na gona tun suna samari, tare suke gayya. Kunya ta kama shi tun kafin ya aikata, kuma ya san zai aikata.

* * *

Ranar Talata tifar ta zo. Yuguda ya tsaya a inda Ja'afar ya tsaya bara, hannuwansa a baya. Shebur na farko da ya shiga, ƙasar ta tashi laushi laushi, baƙa, tana ƙanshi duk da rani.

Abdulkabir ya sunkuya ya damƙi ɗan kaɗan ya murza a tafinsa. "Kai, Baba! Duk yankin nan ban taɓa lodin irin wannan ba. Me kake ba ta haka?"

Fuskar Yuguda ta ɗan saki. Rabon da wani ya yi masa wannan tambayar har ya manta.

"Ai ba wani asiri ba ne, ɗana. Kashin awaki ne da tokar murhu, ka tara su tun kaka, ka riƙa yayyafa ruwa su ruɓe. Kada ka ƙone kara, ka bar mata abinta ta ci. Sannan wake, ka sa shi tsakanin gero, in bana nan ka sa, baɗi sai ka..."

Wani lebura ya buga gefen motar alamar ta cika. Abdulkabir ya karkaɗe hannunsa a wando, ya ce, "Allah ya saka, Baba," ya haye ya tada inji.

Yuguda ya bi gefen tifar yana ɗaga murya, yana cewa kuma kada a zuba takin sai an ga hadarin fari. Gilashin a rufe yake. Motar ta hau burtali, shi kuma ya tsaya a bakin sabon ramin ya ƙarasa bayanin a hankali, har ƙarshe.